Yadda Zisis Mai Alfadarai Ya Raɗa wa Dodanniya Suna

An haifi Zisis a Kirasiya, wani ƙauyen Girkawa da ke manne a jikin dutse arewa da birnin Yanina, 'yan shekaru bayan Girkawan kudu sun ƙwace ƙasarsu daga hannun Turkawa sun samu sarki a Atina. Kirasiya dai ba ta shiga wannan rabo ba, ta ci gaba da kai haraji Santambul. Ubansa ɗan dako ne da alfadarai, shi ma sana'ar da ya tashi a ciki ke nan tun hannunsa bai kai bayan dabba ba. Ya ɗauko gishiri da sabulu da man zaitun daga Yanina ya haura da su birnin Korca, can ƙasar Albaniyawa, ya sauko da ulu da cuku da fatu, haka har ya yi furfura. Zama ba ya karɓarsa. In dusar ƙanƙara ta toshe hanya ta kulle shi a gida, sai ya yi ta kewaya tsakar gida yana kwance igiyoyin da ya riga ya ɗaure yana sake ɗaurewa, har matarsa Tasula ta gaji ta miƙa masa gatari ta nuna masa daji.

Baki biyu gare shi. Da Girkanci yake addu'a da ciniki da faɗa da Tasula. Da Albaniyanci yake waƙa a hanya, da shi kuma yake zagin alfadarai, don a cewarsa in ka zagi alfadari da Girkanci sai ya ɗauka yabonsa kake yi. Karatu kuwa bai yi ba, ko na harafi ɗaya.

Ban da dabbobi, ubansa ya bar masa wani gado. A wani lokacin sanyi tsohon ya maƙale a dutse kusa da Gurbardi, ƙauyen Albaniyawa Kirista da ke kan hanyar Korca. Mutanen wani gida suka tsince shi, suka yi jinyarsa har ƙanƙara ta narke. Da ya tashi tafiya bai ga abin da zai saka musu da shi ba, sai ya roƙi a ba shi jaririn gidan ya riƙe ranar baftisma. A ƙasar nan wanda ya riƙe jariri a coci, ya shafe shi da man zaitun tun daga maɗiga har tafin ƙafa, shi ake kira Nuno. Shi yake zaɓen suna, ba ya shawara da kowa. Iyaye ma ba sa zuwa coci ranar, a gida ake kawo musu labari. In yaron ya girma Nunonsa zai tsaya masa ranar aure, shi zai riƙe 'ya'yansa, in Nunon ya mutu ɗansa ya ɗauka daga inda ya tsaya. Mutum na iya gaba da ɗan'uwansa na jini shekara da shekaru ba a ce komai ba, amma Nunon da ya juya wa gidansa baya, ko a kasuwa ba a son haɗa hanya da shi.

Ta haka Zisis, yana sabon ango, ya riƙe jikan wannan gida ya sa masa suna Dori. Da Dori ya kawo ƙarfi, Zisis ne ya tsaya masa ya auri wata doguwar yarinya mai suna Urani. Duk hawa da sauka a gidansu yake yada zango, a ba shi burodin masara da madara mai tsami, ya ci a tsaye.

Game da Albaniyawa Zisis ba shi da wata tantama. Girkawa ne da suka daɗe a kan dutse har bakinsu ya karkace. Ba shi ya ƙago wannan ba. Malamin da aka turo Kirasiya daga Atina ya sha faɗa cewa Girkawa da Albaniyawa kakansu ɗaya ne, kuma a yaƙin kudu da yawa daga cikin jarumawan da Albaniyanci suke kiran juna. Ranar da sojan sarki suka hauro za a zama ƙasa ɗaya, Kiristocinsu su shigo kai tsaye, Musulminsu ma a yi musu wuri. Haka kowa yake gani a lokacin, daga attajiri har mai dako.

A shekarar 1881 manyan ƙasashe suka ƙara wa Girka ƙasa. Iyaka ta matso har garin Arta, ta tsaya nan, Yanina ta ci gaba da zama a hannun Turkawa. A shagunan gahawa aka ce Albaniyawa ne suka hana, su suka yi taro suka aika wa Turai cewa Yanina tasu ce. Daga nan magana ta canza. Waɗanda jiya suke cewa 'yan'uwanmu na dutse suka koma cewa waɗannan mutanen. Zisis in ya ji sai ya kaɗa hannu.

"Waɗancan manyan Musulmi ne masu gonaki. Namu na coci ba ruwansu."

A cikin shekarun nan ne Dori ya tafi ci-rani Bukares, wani babban birni can ƙasar waje, inda 'yan ƙasarsa da yawa suke tsaron kanti. Da daminar 1888 ya dawo, suka yi kiciɓis da Zisis a masaukin 'yan dako na Korca. Ya sunkuya ya sumbaci hannun tsohon.

"Kai ne ka koma haka?" in ji Zisis. "Wa ya ba ka wandon Turawa? Ko mai shi ya mutu ne?"

"Saye na yi, Nuno."

"An cuce ka. Ina kayanka?"

Akwati ɗaya ne na katako. Zisis ya ɗaga, ya ji nauyi, ya tambaya ko duwatsun Bukares ya kwaso.

"Littattafai ne."

Zisis ya ajiye a hankali, ya cire hula, ya yi alamar gicciye. Iyakar rayuwarsa littafi iri ɗaya ya sani, wanda limamin coci yake ɗagawa a sumbata. Na Turkawa kuwa ba ya shiga akwatin Kirista. To, abin da ke cikin akwatin Dori ba zai wuce maganar Allah da Girkanci ba.

"Nuno, ba irin waɗanda kake tsammani ba ne. Waɗannan na koyon..."

"Rufe baki. Kai za ka koya mini littafi? Ni na riƙe ka tsirara kana tsala ihu a gaban littafi."

Ya ɗora akwatin a kan alfadarin da ya fi lafiyar tafiya, ya sauke gishirin da ke kansa don kada a haɗa abu mai tsarki da kayan kasuwa. Ya ƙi karɓar ladan dako. Da suka isa Gurbardi ya roƙi ƙarami ɗaya daga ciki ya cusa a ƙirjin rigarsa, maganin 'yan fashi. Dori ya sake buɗe baki zai yi bayani, tsohon ya riga ya kora dabbobinsa.

Da ya sauka Yanina ya wuce shagon gahawar da Mantos yake zama, attajirin da yake ba shi mafi yawan kayan da yake ɗauka. Bai ko zauna ba ya zaro littafin yana fahariya: ɗansa na mai, wanda ya shafa wa man baftisma, ya dawo daga ƙasar waje da ilimi, za a ga yadda Gurbardi za ta waye. Mantos ya sa tabarau, ya buɗe, ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Zisis, ka san abin da ka rungumo?"

"Littafi, ranka ya daɗe."

"Albaniyanci ne. An rubuta shi."

"Ai ba a rubuta Albaniyanci. Magana ce kawai."

"To ga shi an rubuta. Yau su koyi harafi, gobe su ce a yi musu addu'a da shi, jibi su ce su al'umma ce dabam, su ja iyaka ta bi ta tsakar gidanka. Kuma a bayan dabbarka abin ya hau dutse."

Wani mai sayar da fata daga can gefe ya ce, "Ku bar shi, alfadaransa yake nema wa makaranta, ai yarensu ne." Aka bushe da dariya. Zisis ya fita bai sha gahawar ba. Littafin bai dawo hannunsa ba. Daga aljihun Mantos ya wuce hannun manyan coci.

Kafin Kirsimeti aka karanta hukunci a duk cocin da ke yankin: wanda ya koyar da waɗannan haruffa, ko ya koya, gidansa ba baftisma, ba ɗaurin aure, ba jana'iza, sai ranar da ya ƙona su a ƙofar coci a gaban jama'a. Dori ya riga ya fara tara mutane a bayan kantinsa yana nuna musu. Da aka karanta hukuncin yawancinsu suka janye jiki. Shi bai ƙona ba.

Da ƙanƙara ta narke Urani ta haifi 'ya mace, bayan 'ya'ya biyu da suka koma tun suna goye. Jaririn da ba a yi wa baftisma ba ba shi da suna. Dodo ake ce masa, in mace ce Dodanniya, ba a sumbatarsa, in ya mutu a haka kuma bayan katangar maƙabarta ake tona masa, inda awaki suke kiwo. Limamin cocin Gurbardi ya ce hannunsa a ɗaure yake.

Labari ya iske Zisis, ya san kuma abin da ake jira daga gare shi. Sai ya canza hanya. Duk bazara da damina ya riƙa bin ta bakin kogi, hanyar da ta fi nisa, ta fi cin ƙafar dabba, don kada ya ratsa Gurbardi. Mantos ya riga ya gaya masa cewa wanda ya taɓa gidan da aka tsine wa ba zai ƙara taɓa kayansa ba, sauran attajirai ma bakinsu ɗaya. A gida kuwa ya kasa cin abinci ya gama. Ya ɗauki cokali, ya ajiye, ya fita duba kofaton da ya duba ɗazu.

"Kofaton nan zai gaji da kai," in ji Tasula. "Ba a nan ƙayar take ba, tsoho."

"Ina ruwanki."

"Ba ruwana. Ni dai ban taɓa jin Nuno mai bin bakin kogi ba sai a gidana."

Da sanyi ya fara shigowa, wata rana da hantsi, ya iso inda hanyar kogi ta rabu da ta dutse. Akwai maɓuɓɓuga a wurin. Wata mace na zaune a kan dutse da jaririya a cinya. Ya gane tsawonta tun daga nesa, ba kuma inda zai ratse da jerin dabbobi.

"Sannu da hanya, Nuno," in ji Urani. "Hanyarmu ta lalace ne?"

"Dabbobin ne, 'yata. Sun tsufa, ba sa son hawa."

"Allah ya ba su lafiya." Ta buɗe fuskar yarinyar. "Ga Dodanniyarka. Ta fara zama, ta fitar da haƙori. In na kira ta da wannan suna har juyowa take yi. Shi ya fi ba ni tsoro, ta fara ɗauka nata ne."

Zisis ya kalli yarinyar. Ta kama igiyar da ke hannunsa ta kai baki.

"Biyu na binne," in ji Urani. "Suna cikin katanga, na san inda suke, ina kunna musu kyandir. Sanyi na zuwa. Ban san harafin Girkanci ba, ban san na Albaniyanci ba, ku maza ku ci kanku a kansu. Ni abu ɗaya na zo tambaya. In ta tafi bana, ina zan sa ta?"

Ya juya kan alfadarin gaba zuwa hanyar dutse, ya ɗora Urani da goyonta a kan na biyu.

Ya tarar da Dori a kanti yana auna wa wata tsohuwa kananzir. Sai da ta fita sannan Dori ya ɗago.

"Ashe ka tuna hanya, Nuno."

"Kwaso littattafan nan mu kai ƙofar coci a cinna musu wuta. Ranar Lahadi in shafa wa 'yarka mai."

"Ba zan ƙona ba."

"Takarda ce fa."

"In takarda ce me ya sa suke tsoronta?"

"Wa ya ce maka tsoro ake ji? Kunya ake ji. Yaren da nake kora alfadari da shi za ka ɗora a takarda?"

"Da shi uwata ta yi ta yi maka sannu da zuwa har ta mutu. Da shi ta yi kukan ubanka. Ranar ba ka ce na alfadarai ba ne."

Zisis ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake komawa.

"Mu duka Girkawa ne, yaro. Coci ɗaya, gicciye ɗaya."

"Coci ɗaya, na yarda. Amma tun ina yaro nake tsaye a cikinta, ban taɓa gane abin da ake faɗa wa Allah a madadina ba."

"Ni da nake Bagirke ganewa nake yi? Tsohon Girkanci ne, limamin ma rabi yake ji. Ka taɓa jin na ce a canza?"

Dori ya kusa dariya, ya danne. Ya ce in ya ƙona yau, duk wanda ya zauna a bayan kantin nan zai san abin da ya koya abin kunya ne, shi kuwa ba zai iya ba. Zisis ya ce to ya rungume takardunsa su yi masa jika. Yarinya dai tasa ce ta mai, zai tafi da ita Kirasiya, inda limamin coci, Papa Notis, wan Tasula ne.

"In za ka riƙe ta," in ji Dori, "ka sa mata suna na yarenmu."

"Yaushe uba ya fara zaɓen suna? Wannan ma a Bukares aka koya maka?"

Ya bar kayan Mantos a jibge a kantin, ya sauko da uwa da 'ya. Iska ta dame su a kan dutse, yarinyar ta iso Kirasiya tana tari. Tasula ta karɓe ta, ta dafa mata ganye.

Papa Notis mutum ne mai sanyin hali, mai 'ya'ya da yawa da gona ƙarama. Ya saurari surukinsa yana tsefe gemu da yatsu.

"'Yar wa ce, Zisis?"

"Tawa."

"Kai da furfurar nan? In ƙanwata ta ji."

"Tawa ta mai. Ranar baftisma ba a tambayar uba, Nuno ake tambaya."

"Hukuncin gida aka yi wa, ba coci ba. Ko Kudus ka kai ta, 'yar gidan ce. In na tsoma ta a ruwa yau, kafin bikin Ista an aske mini gemu an karɓe rigar nan. Kai za ka ciyar da su?" Ya nuna ɗakin da hayaniyar 'ya'yansa ke fitowa. "Kuma tsakaninmu, ɗan naka bai kyauta ba. Coci ce ta riƙe mu duk zamanin Turkawa da harshe ɗaya. In kowa ya ja nasa, me zai rage?"

"Ni ma haka na gaya masa."

"To?"

"To ita yarinyar me ta rubuta?"

Papa Notis ya kalli ƙasa. Ya ce zai yi mata addu'a.

Zisis ya gwada limamin ƙauyen da ke gaba, ya gwada na gidan sufaye da ke kan tudu. Labari ya riga shi zuwa ko'ina. Ya dawo ranar Asabar da la'asar ya tarar da tarin yarinyar ya yi sauƙi, tana rarrafe tana bin kyanwa. Ya zauna, ya tashi, ya buɗe ƙofa, ya rufe.

Tasula ita ce ungozomar Kirasiya, rabin ƙauyen a hannunta suka faɗo. Ta bar shi ya gama zagayensa, sannan ta yi magana tana tankaɗe gari.

"Ka san abin da nake yi in jariri ya fito ba ya numfashi sosai, liman kuma yana nesa?"

Ya sani, kowa ya sani. Ana ɗaga jaririn sama sau uku, a ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a faɗi suna. Baftismar iska ake ce mata. Kowane Kirista na iya yi, mace ko namiji, ba ruwa, ba mai, ba liman. In yaron ya mutu a cikin katanga ake sa shi. In ya rayu sunan ya zauna, ba mai cire shi.

"Wannan na wanda ke bakin mutuwa ne," in ji Zisis. "Dubi ta, kyanwa take ci da rai."

"Na binne waɗanda suka fi ta ƙiba. Wane jariri ne ba ya bakin mutuwa a dutsen nan in sanyi ya shigo?"

"Ki yi mana to, ke kika saba."

"Ni ce Nuno? Kuma ba a ɗaki za a yi ba, a ce ba wanda ya gani."

Ranar Lahadi Urani ta zauna a gida kamar yadda uwa take yi. Zisis ya sa farar rigarsa ta biki, ya naɗe yarinyar a bargo, ya tsaya a harabar coci har aka tashi. Jama'a suka fito, Papa Notis na biye yana raba gutsattsarin burodin albarka. Zisis ya shiga tsakiya ya yaye bargon. Sanyi ya bugi yarinyar ta callara kuka.

"Zisis, me za ka yi?" in ji limamin.

"Abin da ake yi wa wanda ba shi da liman."

"Wannan na mai mutuwa ne. Ji muryarta, har kogi ana ji."

"To ka rantse, Papa. Ga jama'a, ga gicciye a wuyanka. Ka rantse za ta kai Ista, in mai da ita gida."

Babu matar da ke wurin da ba ta san abin da sanyi yake yi wa goyo ba. Papa Notis ya dubi ƙanwarsa, ta dube shi. Sai ya juya ya koma cikin coci, ya ce ya manta wani abu a bagade.

Zisis ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Muryarsa ta fito da ƙarfi, irin wadda yake kiran dabbobi da ita daga wancan gefen kwari.

"Ana yi wa baiwar Allah Lamburini baftisma, cikin sunan Uba."

Ya sauke, ya sake ɗagawa, da na Ɗa. Ya sake, da na Ruhu Mai Tsarki. Lamburini sunan uwarsa ne. Tsofaffin mata suka amsa da amin tun kafin su tuna ko ya kamata, maza kuwa wasu suka sa hula suka wuce ba su waiwaya ba.

A al'ada yara ne suke tsere daga coci su kai wa uwa sunan ta ba su tukuici. Ranar iyaye suka riƙe hannun 'ya'yansu. Zisis da kansa ya gangara da yarinyar a kafaɗa, yana haki. Urani na tsaye a bakin ƙofa.

"Lamburini," ya ce.

Ta maimaita a hankali, bakinta bai saba da shi ba. Ta karɓi 'yarta ta sumbace ta a goshi, karo na farko tun da ta haife ta. Sai ta shiga lalube a ɗamararta tana neman abin tukuici.

"Bari," in ji Zisis. "Ba ni ruwa dai."

Abin da ya biyo baya bai ɓoyu ba. Aka hana shi jibin Ubangiji, aka ce kada ya ƙetare dokin ƙofar coci sai ya tuba a gaban bishof. Bai je ba, ya ce bai ga abin da zai tuba a kai ba. Mantos ya aika aka kwaso kayansa daga Gurbardi da wasu dabbobin, sauran attajiran Yanina ma suka rufe masa ƙofa. Ya sayar da alfadarai ya bar biyu, ya koma dakon gawayi da farar ƙasa tsakanin ƙauyuka. A Kirasiya wasu suka riƙa ce masa Ba'albane. A Gurbardi kuwa Dori ya tarbe shi da fuska a murtuke.

"Duk sunayen duniya, sai na Girkawa?"

"Zaɓen suna nawa ne, na bayar. Kai ka rubuta shi da haruffan da ka ga dama."

Bai canza ra'ayi ba har ya mutu, a shekarar 1896, a bakin hanya, yana gyara wa dabba kaya. Ya tafi yana cewa rubuta Albaniyanci wauta ce, yana kuma jiran sojan sarki su hauro a zama ɗaya. Duk zuwansa Gurbardi sai sun yi wannan musu da Dori, Urani ta ajiye musu abinci ta fice.

Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni shekaru bayan ranar baftismar. Ba liman da ya taɓa cewa abin da ya yi ya karɓu. Urani na zuwa coci da yarinyar su tsaya can baya, in aka zo rabon burodin albarka limamin Gurbardi ya miƙa wa na gabansu da na bayansu, yana kiran kowa da sunansa, ya tsallake su. Zisis yakan tambayi Tasula ko iska ta isa, ko kuwa da ya ɗaga ta bai ɗaga sosai ba.

Wata Lahadi, yarinyar ta fara wayo tana gudu da ƙafarta, ya iso Gurbardi da gawayi ana cikin coci. Ya ɗaure dabbobin a jikin katanga, ya yi ta kai da kawo a waje tun da ba shi da izinin shiga. Aka tashi, limamin ya tsaya a ƙofa da faranti. Yarinyar ta ƙwace daga hannun uwarta, ta kutsa tsakanin ƙafafun manya, ta tsaya a gabansa ta miƙa hannu biyu yadda ta ga ana yi. Layi ya tsaya. Tsohon limamin ya dube ta, ya dubi jama'a, ya hango Zisis ta saman katanga. Ya ɗauki gutsure ɗaya.

"Ungo, Lamburini," ya ce. "Matsa, akwai mutane a bayanki."